Farar Toka a Jikin Salansar Jirgi

Watana bakwai da fara aiki a kan jiragen sama abin ya faru. Kafin nan na yi shekara goma sha ɗaya a garejin mahaifina a unguwar Kudai ta Makka, muna gyaran na'urar sanyaya manyan motocin da ke jigilar alhazai. A nan na buɗe ido, a nan na koyi riƙe sifana. Da na ga shekaru suna tafiya sai na je Jidda na yi kwas, wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ni. Jirage uku gare su, ƙanana masu farfela ɗaya, ana hayarsu don leƙen farin ɗango da duba kwaruruka bayan ruwan sama. Filinmu yana saman dutse, gaba da Ɗa'ifa. Kwana huɗu nake yi a can, ranar Alhamis in gangaro gida unguwar Ka'akiyya.

Mutumin Makka bai san sanyi ba sai ya kwana a saman dutsen nan a watannin ɗari. Da asuba ruwan alwala yana yanka hannu. Baƙin man da ke cikin injin jirgi yakan yi kauri kamar zuma, in aka tayar da injin a haka ƙarfe zai ci ƙarfe kafin man ya zagaya. Shugabanmu a wajen gyara, wani dattijo Basudane da kowa ke kira Muhandis, wato Injiniya, ya kafa doka: ba a taɓa makunni sai an ɗumama inji. Muna da wani inji mai taya biyu da ke hura iska mai zafi ta cikin ƙaton tiyo. Aikina ne in gunguro shi bayan sallar asuba, in cusa tiyon ƙarƙashin murfin inji, in lulluɓe hancin jirgin da bargo, in tsaya ina taɓa ƙarfe har sai na ji ya yi ɗumi.

Ɗumama cikin jirgi kuwa, inda mutane ke zama, wata hanya ce daban. Waɗannan ƙananan jirage ba su da hita ta lantarki. An yi wa salansa riga ta ƙarfe, iska mai kyau tana shiga tsakanin rigar da salansar ta ɗauki zafi, matuƙi ya ja wani maɓalli ta shigo masa wajen ƙafafu. Muddin salansar lafiya take, hayaƙi yana hanyarsa, iska tana hanyarta. In ta tsage, hayaƙin ya bi iskar ya shiga ciki. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum zai ji ciwon kai, ya ji kasala, ya ji barci. Duk an koya mana wannan a Jidda, na ma ci jarrabawarsa.

Ranar Alhamis ɗin, jirgi ɗaya zai tafi arewa, wajen Tabuka. Tafiya ce mai tsawo, sama sosai, cikin sanyi. Mutum biyu ne a ciki: Kaftin, mutumin Jidda mai yawan barkwanci, da wani jami'in aikin gona da zai je duba wuraren da fari ke ƙwai. Jami'in mutum ne mai shiru-shiru. Da safen nan ya kawo mini shayi a kofin takarda ina tsaye gindin jirgi, ya ce hannuwana sun fi nasa bukata.

Da injin ya yi ɗumi na ɗaga murfi don dubawar ƙarshe. A gefen rigar salansar, wajen da aka haɗa ƙarfe biyu, na ga wani zane fari-fari, toka-toka, tsawon ɗan yatsa. Filinmu ƙasa ce da tsakuwa, kullum muna share ƙura. Na zaro tsumma daga aljihu na goge. Ya fita tas. Na haska tocila, ban ga komai ba. Na rufe murfin, na sa hannu a takardar dubawa, na kai wa Muhandis ya sa nasa a ƙarƙashin nawa.

Gajimare ya sauko ya kwanta a kan filin, aka ɗage tashi sai ya washe. Ni kuwa aikina ya ƙare. Na yi sallama da su, na kama hanyar gangara. Ina saukowa ina tuɓe kaya, rigar sanyi tukuna, sannan hula, kafin in iso Makka har na kunna na'urar sanyaya mota.

Na biya Kudai in ɗauki Baba mu tafi gida cin abinci. Shekarunsa sun haura saba'in, ƙanena ne ke riƙe da garejin yanzu, amma Baba ba ya fashin zuwa. Ran nan ƙanen nawa ya tafi sayen kayan gyara, na tarar da Baba shi kaɗai ya tura kai cikin bayan wata bas. Ya fito hannu duk maiƙo.

"Ba ni tsumma," ya ce.

Na zaro na aljihuna na miƙa masa. Ya fara goge hannu, sai ya tsaya. Ya buɗe tsumman, ya matso bakin ƙofa inda haske yake, ya murza farin abin tsakanin yatsu biyu.

"Ina ka samo wannan?"

"Ƙura ce, Baba. Jikin inji na goge da safe."

"Wane waje a jikin inji?"

"Kusa da salansa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wannan ba ƙura ba ce. Lokacin da ake zuba dalma a fetur, duk motar da salansarta ta tsage irin wannan take fesowa a bakin tsagar. Ku da kuka taso yanzu baƙin hayaƙi kawai kuka sani." Ya sake murzawa. "Man jirginku akwai dalma a ciki?"

Akwai. Na san akwai, a rubuce yake a jikin tankin da muke ɗiba. A kwas an ce mu nemi alamar hayaƙi, ni kuma duk tsawon lokacin baƙin tabo nake zana wa kaina, irin na bas. Na jingina da jikin motar.

"Mene ne?" Baba ya ce.

"A nan iskar hita take bi. Ta shiga inda mutane suke."

"Jirgin yana ƙasa?"

Na riga na ciro waya. Na kira Kaftin, a kashe. Na kira jami'in gonar, ba ta shiga. Na kira Muhandis, ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira. A karo na uku ya ɗauka, ina jin yana tauna wani abu.

"Sun tashi?" na ce, ko sallama ban yi ba.

"Tun ɗazu. Sun fi awa ɗaya a sama. Lafiya?"

"Muhandis, a gaya wa Kaftin ya rufe hita. Ina jin salansar ta tsage."

Ya daina tauna. "Kana ji? Kai da ka sa hannu da safe?"

"Na ga farar toka a jikin rigar."

"Ni ma na leƙa bayanka. Ban ga komai ba."

Baba yana tsaye gabana da tsumman a hannu, yana kallon bakina. Da na yi shiru a nan, ko na ce wataƙila idona ne, babu wanda zai taɓa sanin abin da na yi. Tunanin ya zo mini, ba zan ɓoye ba. Ya zo ya tsaya kamar na numfashi biyu.

"Ba za ka gani ba," na ce. "Na goge ta. Na ɗauka ƙura ce."

Muhandis ya ce, a hankali, "To yanzu wa ya ce maka ba ƙura ba ce?"

"Mahaifina."

"Mahaifinka injiniyan jirgi ne?"

"Makanikin mota ne."

"Ya zol, bawan Allah, ka san abin da kake nema? Rediyonmu ba ya kai musu yanzu. Sai na kira masu kula da zirga-zirgar jirage, in ce jirgina yana cikin haɗari. Za a rubuta, za a yi bincike, za a tsayar mana da aiki. In aka buɗe aka tarar ƙura ce fa?"

"A kore ni."

"Ko ba ƙura ba ce ma ai korar taka tana nan."

Baba ba ya ji sosai, amma ya karanta fuskata. Ya miƙo hannu ya karɓi wayar. Larabcinsa na 'yan kasuwa ne, har yau da sauran Hausar Kano a cikinsa duk da a Makka aka haife shi. Ya gaida Muhandis da ladabi kamar suna da yini guda a gabansu. Sannan ya ce, "Ɗan'uwa, ni ban san jirgi ba. Amma abin nan yana hannuna. Yana da laushi, yana da ɗan rawaya-rawaya a ciki, ba ya kakkaɓuwa kamar ƙasa. Na taɓa fito da direba daga mota a hanyar Arfa saboda irinsa, bai tashi ba. Ka kira su."

Ya mayar mini da wayar. Na ji Muhandis yana jan kujera.

"Kar ka kashe," ya ce. "Zan ajiye ka a kan tebur."

Aka kira sallar azahar a masallacin bayan tasha. Maƙwabtanmu suka fara sauke ƙofofin shaguna, ina jin takalmansu suna wucewa. Baba ya dubi hanya, ya dube ni, ya ja ƙofar garejin ƙasa muna ciki. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya ji kiran salla ya zauna ba. Ya jawo benci, muka zauna kafaɗa da kafaɗa, wayar a tafin hannuna na ƙure mata murya.

Muna jin Muhandis a ɗaya wayar, ta ofis, ya buɗe ta yadda za mu ji. Ya faɗi lambar jirgin, ya faɗi abin da yake zargi. Wata murya ta saurayi, a natse, ta ce a dakata. Muka dakata. Fankar garejin tana juyawa, gumi yana bin bayana.

Muryar ta dawo. "Na kira shi sau biyu, bai amsa ba. Ina ganinsa a allo. Yana kan hanyarsa, amma ya ɗan karkata yamma."

"Sake kira," Muhandis ya ce.

"Akwai duwatsu tsakaninmu, wataƙila shi ya sa. Zan sa wani babban jirgi da ke samansa ya kira shi."

Baba ya ce, "Me ya ce?" Na fassara masa da Hausa duk da yana jin Larabci, kunnen ne matsalar. Ya gyaɗa kai, leɓɓansa suna motsi. Ni ko addu'a ta ƙi zuwa bakina. Kofin shayin nan kawai nake gani, da yadda mutumin ya riƙe shi da hannu biyu kafin ya miƙo mini.

"Ya amsa," in ji muryar.

Na miƙe tsaye ban sani ba.

"Amma maganarsa a jaye take. Na ce ya maimaita tsayin da yake, ya faɗi wani daban. Na gaya masa ya rufe hita. Ya ce akwai sanyi."

Muhandis ya buga tebur har wayata ta yi ƙara. Dattijon da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya shiga ihu. "Ka ce masa ni ne! Ka ce Muhandis ya ce ya tura jan maɓallin ciki, yanzu! Ya buɗe tagar gefensa! Kar ka roƙe shi, umarni za ka ba shi, ka kira shi da sunansa!"

Muka ji saurayin yana isar da saƙon can nesa, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai magana da wanda aka tasa daga barci. Sannan shiru. A masallaci liman ya tayar da salla, muna jin kabbararsa ta lasifika. Raka'a ta farko ta wuce. Ta biyu ta wuce.

"Ya buɗe taga," muryar ta ce. "Ina jin iska a rediyonsa. Ya ce kansa kamar zai tsage. Ya ce mutumin da ke gefensa yana barci, ya girgiza shi bai tashi ba."

Na koma na zauna. Baba ya ɗora hannu a gwiwata ya danna.

Akwai filin jirgi a arewacin Madina, shi ne mafi kusa. Aka juya shi can. Saurayin ya ce zai riƙa yi masa magana ba tsayawa don kar ya koma barci, ba zai iya riƙe waya biyu ba, zai kira in an sauka. Layin ya katse. Muhandis ya ɗauki wayar da nake kai.

"Kana nan?"

"Ina nan."

"Akwai kati a gaban matuƙi da ke yin baƙi in guba ta shigo. Ka duba shi da safe?"

"Yana nan a manne."

"Na san yana nan. Yaushe aka canza shi?"

Ban sani ba. Shi ma bai sani ba. Muka ci gaba da jira a kan layi, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa. Mutane suka fito daga masallaci. Wani direba ya ƙwanƙwasa ƙofar gareji yana kiran Baba, ba mu amsa ba, ya gaji ya tafi. Ban san iya mintocin da muka yi a haka ba. Na tuna dai batirin wayata ya nuna ja, na rasa inda caja take a garejin da na yi shekara goma sha ɗaya a cikinsa, Baba ne ya tashi ya ɗauko.

Wayar ofis ta yi ƙara a can. Na ji Muhandis ya ce "Na'am," ya ce "Na'am" kuma, sannan ya ja dogon numfashi.

"Ya sauka. Ya buga ƙasa da ƙarfi, taya ɗaya ta fashe, amma ya tsaya a kan titi. Motar asibiti ta ɗauke su. Dukansu suna numfashi."

Baba ya ɗaga ƙofar garejin, haske ya shigo. Ya ce, "Tashi mu yi salla." Na yi alwala, muka yi salla.

Kwana biyu bayan haka ni da Muhandis muka tafi da mota inda jirgin yake. Tafiyar awowi ce. A gaban masu bincike aka kwance rigar ƙarfen. Da ido ba a ganin komai. Aka toshe bakin salansar, aka hura mata iska, aka shafa ruwan sabulu. A gindin walda kumfa ta fara tasowa, ƙanana, a jere. Tsagar ba ta kai faɗin gashi ba. Cikin rigar kuwa, inda tsummana bai kai ba, duk fari ne.

Na faɗa musu komai yadda ya faru. Muhandis ya ce shi ne babba, shi ya bar sabon hannu ya duba abin da bai taɓa nuna masa da idonsa ba, kuma katin da ya daina aiki laifinsa ne. Ba su kore ni ba. An dakatar da ni wata uku, aka ce in sake zama jarrabawa. Na koma gareji na yi watannin. Baba bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, ko a gaban mahaifiyata.

Kaftin ya kwana ɗaya a asibiti aka sallame shi. Na kira shi sau da yawa bai ɗauka ba. Daga baya ya aiko mini da saƙo gajere, ya ce ya ji abin da na yi da safe, ya kuma ji abin da na yi da rana, yana bukatar lokaci kafin ya haɗa su wuri ɗaya. Mun ci gaba da aiki tare bayan na koma, yana gaishe ni, amma barkwancin nan bai ƙara yi da ni ba.

Jami'in gonar ya fi jin jiki, don bututun iskar a gefen ƙafarsa ya fi buɗewa. Ya yi kwanaki ana ba shi iska. Da aka sallame shi na ce wa Baba zan je Jidda in duba shi, ya ce ba ni kaɗai ba. Muka sayi dabino da zuma muka tafi.

Babban ɗansa ne ya shigar da mu falo. Mutumin yana zaune a ƙasa ya jingina da matashi, ya rame. Ya gane ni. Na durƙusa gabansa na gaya masa ni ne na goge alamar, na nemi ya yafe mini. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya yafe. Ya tambayi Baba daga wace unguwa muke, Baba ya ce Ka'akiyya. Ya ce yana da abokin karatu a can. Aka kawo gahawa, muka taɓa hira a kan fari da ruwan bana. Can ya juyo wajen Baba da fara'a ya ce, "Daga wace unguwa kuke?"

Ɗan nasa ya sunkuyar da kai. Baba ya ajiye kofinsa ya ce, "Ka'akiyya," kamar yanzu aka fara tambayarsa.

Da ɗan ya rako mu bakin mota ya ce likitoci sun ce mantuwar za ta ragu a hankali, kuma ta ragu ɗin, bayan wata biyar ya koma aiki, ko da yake a ofis, bai sake hawa ƙaramin jirgi ba. Amma ran nan ba mu san haka ba. Na zauna a bayan sitiyari na kasa tayar da mota. Baba ya jira ni har na share fuskata. Sannan ya ce in bi ta tsohuwar hanya, sabuwar akwai cunkoso a wannan lokacin.